Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba: Martani Ga Mai Cewa Kada A Taɓa Tsohon Shafi

Kwanan baya wani ɗan'uwa marubuci, wanda ya saba yin sharhi a kan harkokin kasuwanci, ya fitar da maƙala yana gargaɗin ƙananan 'yan kasuwa da kada su kuskura su kashe ko sisi wajen sake fasalin shafinsu na intanet. Maƙalar ta zaga sosai, musamman a tsakanin matasa da matan aure masu sayar da atamfa, shadda, turaren wuta da kilishi ta waya, domin ta faɗi abin da kunne ke son ji a wannan marra ta tsadar rayuwa, wato ka riƙe kuɗinka. Ba na shakkar kyakkyawar niyyar Malam. Sai dai shawara ce da za ta iya jawo wa mai bin ta asarar da ta ninka kuɗin da ya ƙi kashewa, don haka ban ga dacewar yin shiru ba.

Ga abin da ya faɗa, gwargwadon yadda na fahimce shi. Ya ce shafin intanet tamkar ginin shago ne, in an gina an gina, kuma abin da yake aiki ba a taɓa shi. Ya ce maganar "shafinka ya tsufa" masu ƙera shafuka ne suka ƙirƙiro ta don su riƙa tatsar 'yan kasuwa duk bayan shekara biyu. Ya ce cinikin mutanenmu a WhatsApp da Facebook da Instagram da TikTok ake yin sa, shafi kuwa ado ne kawai. Ya ce sauya fasali korar kwastoma yake yi, ya kawo misalin kamfanin Marks & Spencer na Ingila da cinikinsa ya faɗi bayan ya sabunta shafinsa, ya kuma nuna dandalin Nairaland da ya shafe shekaru da kamanninsa na da amma jama'a ba su guje shi ba. A ƙarshe ya ce kuɗin gyaran shafi gara a ƙara su a jari, a saro ƙarin kaya.

Hujjoji ne masu jan hankali, kuma akwai gaskiya a cikin kowace. Matsalar ita ce hukuncin da aka ɗora a kansu ya fi ƙarfinsu.

Tunda Malam ya zaɓi shago ya yi misali da shi, mu bi shi shagon. Wane ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari ya fara da tebur, Allah ya buɗa masa ya kama shago, ya kama sito, ya ɗauki yara, sannan ya bar allonsa a rataye a bakin tsohon teburin? Wa ya taɓa ganin wanda ya tashi daga sayar da turmi ɗai-ɗai ya koma sarin dila, amma ya ƙi sake kanta, ya ƙi buga sabon rasidi, wai don an gina an gina? Babu mai kiran wannan sauyi almubazzaranci, kowa ya san alamar buɗi ce. A farkon 2024 da aka tilasta wa masu sarin magani na Sabon Garin Kano komawa Dangwauro, duk wanda ke da shafi ya bar tsohon adireshi a kai, ai da hannunsa yake tura kwastoma ƙofar da aka garƙame. Misalin Malam, in aka bi shi har ƙarshe, shi yake rusa maganarsa.

Kuma ko misalin ma bai cika ba, domin ƙasar da aka gina shafi a kanta motsi take yi. A watan Afrilun 2015 Google ta fara fifita shafukan da ke buɗuwa daidai a waya idan mutum ya yi bincike da waya, daga baya ma ta koma duba yadda shafi yake a waya kafin ta ba shi matsayi. A watan Yulin 2018 manhajar Chrome ta fara liƙa wa duk shafin da ba shi da makullin tsaro gargaɗin cewa ba amintacce ba ne. A ƙarshen 2020 aka kashe Flash, fasahar da tsofaffin shafuka da yawa suka dogara da ita wajen hotuna masu motsi. WordPress, wadda sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya ke kanta, tana tafiya ne a kan harshen PHP, kuma tun Nuwamban 2022 masu kula da shi suka daina toshe kafofin ɓarayi a samfurinsa na 7.4, balle waɗanda suka girme shi. A watan Maris na 2024 kuma Google ta rufe ƙananan shafukan kyauta da ta bai wa masu shaguna ta hanyar rajistar kasuwanci a taswirarta. Duk wannan ya faru ba tare da an nemi izinin mai shago ko ɗaya ba. To shafin da aka ƙera a 2016 aka tafi aka bar shi, wane ne ya tabbatar wa Malam cewa har yau yana aiki?

A nan ne ya kamata a tsaya a kan kalaman nan nasa, "abin da yake aiki". Yana yi wa wa aiki? Idan mai shi ya buɗe shi a kwamfutar ofis ya ga hotonsa da tambarinsa, ransa ya yi fari, wannan ba aiki ba ne. Aiki shi ne wata baiwar Allah a Gusau ko Azare, da ƙaramar waya da data ta naira ɗari biyu, ta buɗe shafin ta ga kayan, ta ga farashi, ta san yadda za ta biya da ranar da kaya za su iso. Binciken da Google ta fitar a 2016 ya nuna cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya suna ficewa idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Shafin da aka loda wa manyan hotuna ba a rage nauyinsu ba, kuɗin kwastoma yake ci kafin ta ga ko turmi ɗaya. Za ta jira shi ne saboda kunyar Malam?

Amma duk waɗannan sauye-sauye ne daga waje. Babban abin da maƙalar ta tsallake shi ne sauyin kasuwancin kansa. A ɗauki misalin mai haɗa turaren wuta da humra da ta fara a ɗakinta da kala biyar. Shafi mai fuska ɗaya ya ishe ta: hotuna biyar, lambar waya, ɗan taƙaitaccen bayani. Shekaru sun tafi, yanzu tana da kala sittin, ta ƙara kayan gyaran jiki, tana ba da sari ga masu shaguna, tana aika kaya ta tasha zuwa Maraɗi da Damagaram, ta ɗauki ma'aikata, ta yi rajista da hukumar CAC da sabon suna. Shafin kuwa yana nan yana shelar kala biyar, biyu daga ciki ma ta daina yi, da lambar layin da ya ɓace, da farashin lokacin da dala take wajen naira 460 a hukumance. Kowa ya san abin da ya biyo bayan cire tallafin mai a Mayun 2023 da sakin naira a watan Yuni: zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500. Mai shigowa shafin nan abin da yake karantawa ba gaskiya ba ne, kuma da sunan mai kayan ake faɗa masa. Ba ta yi nufin yaudara ba, amma wanda ya ga farashi ɗaya a rubuce aka gaya masa ninkinsa uku a waya, ba zai tsaya binciken niyyarta ba. Zai ce 'yan intanet ne, ya kashe waya. Mu da aka raine mu a kan cewa ciniki amana ne, kuma bayanin kaya haƙƙin mai saye ne, bai kamata a koya mana cewa barin bayanin ƙarya a ƙofar kasuwanci tattali ne ba.

Na san amsar da Malam zai bayar. Zai ce sauya farashi da lambar waya ai ba sake fasali ba ne, ɗan gyara ne na minti biyar. Haka ne, in shafin an gina shi yadda mai shi zai iya gyarawa da kansa. Amma da yawa daga cikin shafukan farko na ƙananan 'yan kasuwa wani ƙane ko ɗan maƙwabta ne ya haɗa su a hutun makaranta, ya tafi bautar ƙasa da kalmar sirrin a kansa. Ko da an samo shi, shafin da aka tsara wa kala biyar ba shi da rukuni-rukuni, ba shi da wurin bincike, ba ya bambance farashin sari da na ɗai-ɗai, ba ya nuna abin da ya ƙare, ba ya karɓar kuɗi. In ka cusa masa kala sittin, ka samu dogon zaren hotuna da ba wanda zai kai ƙarshensa. Gyaran wannan ba ya yiwuwa sai an sake tsarin, kuma shi ne abin da ake nufi da sake fasali. Sauya launi daga kore zuwa shuɗi ba ya cikin lissafi.

Batun biyan kuɗi kaɗai ya isa hujja. Tun da Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya takardun naira a Oktoban 2022, aka shiga ƙarancin tsabar kuɗi a farkon 2023, har mai shayi da mai kayan miya suka koma karɓar taransfa. Tare da taransfa kuma aka samu alat na bogi da hoton rasidin da aka gyara. Mai oda uku a rana zai iya duba asusunsa sau uku. Mai oda hamsin fa? Kamfanoni irin su Paystack da Flutterwave suna ba da damar a haɗa shafi da hanyar biya wadda ke tabbatar da shigar kuɗi da kanta kafin a ɗaure kaya, suna cire ɗan kasonsu. Sannan tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, kuma duk wanda ke tara sunaye da lambobi da adireshin kwastomomi ya ɗauki nauyin tsare su. Tsohon shafin da ba a toshe kafofinsa ba, a nan ake ajiye amanar mutane?

Sai zargin da ya yi wa masu ƙera shafuka. A nan ina tare da shi rabin hanya. Akwai waɗanda ke tsorata ɗan kasuwa da turancin da bai sani ba, su karɓi kuɗi su sauya hoton bango su ce sun sabunta. Akwai masu cajin kuɗi mai yawa a kan makullin tsaro, alhali ƙungiyar Let's Encrypt ta daɗe tana ba da shi kyauta. Akwai masu yin rajistar adireshin shafi da sunansu, ranar da aka saɓa su riƙe shi garkuwa. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Maganin macuci shi ne ɗan kasuwa ya san abin da zai tambaya. Da sunan wa aka yi rajistar adireshin? Idan mai ƙarewa da .ng ne, ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi ta hannun wakilanta, kuma sabunta shi ake yi, in aka yi sakaci ya faɗi wani na iya ɗauka. A hannun wa kalmomin sirri suke? Nawa ne kuɗin masaukin shafi a shekara, kuma wa ake biya? Zan iya sauya farashi da hoto daga wayata ba tare da na kira kowa ba? A rubuta yarjejeniya, a biya kashi-kashi gwargwadon aikin da aka gani. Abin dariyar shi ne, wanda ya fi kowa zama a tafin hannun mai ƙera shafi shi ne wanda ya bi shawarar Malam, domin shi ne har yau ba ya iya sauya ko harafi sai ya yi roƙo ya tura kuɗin kati.

Hujjar WhatsApp ita ce ta fi ƙarfi, don haka ta fi cancantar a dube ta da kyau. Gaskiya ne a can ake ƙulla ciniki. Bahaushe yana son ya yi sallama, ya taya, a ce albarka, a daidaita, kuma ba shafin da zai maye gurbin wannan. Shafi mai kyau ma maɓallin WhatsApp yake sakawa a gefen kowane kaya. Amma sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma ba mai ganinsa sai wanda kuka ajiye lambar juna. Saƙon bai-ɗaya yana tsayawa a kan mutum 256. Wanda bai san ka ba, yana Legas ko Yamai yana neman mai sarin kilishi ko shadda a Google, ta ina zai ga sitatus ɗinka? WhatsApp yana riƙe maka waɗanda ka sani, bunƙasa kuwa tana zuwa ne daga waɗanda ba ka sani ba.

Sannan duk waɗannan dandamali gidan haya ne. Ina masu tallar kaya da lambar BBM? An rufe manhajar a ƙarshen Mayun 2019. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wata bakwai cur. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke lokaci guda na kusan awa shida a duk duniya. A 2025, a rikicin tarar da hukumomin Najeriya suka ci kamfanin Meta, kamfanin ya shaida wa kotu cewa yana iya rufe Facebook da Instagram a ƙasar. Ba a rufe ba, amma wa ya tambayi mai turare ra'ayinta? Ba a ma maganar asusun da ake kutsawa a ƙwace, ko wanda ake toshewa ba bayani. Adireshin shafi da jerin kwastomomin da ka tara a kansa su ne naka.

Kuma a nan maƙalar ta yi tuntuɓe da kanta. In shafi ado ne marar amfani, me ya hana Malam ya ce a rufe shi a huta da kuɗin sabuntawa na shekara-shekara? In kuwa yana da amfani, don me za a bar shi ya lalace? Abin da ya zaɓar wa mai karatu shi ne mafi muni a cikin ukun: ka ci gaba da biyan haya, a kan abin da ke ɓata maka suna.

Misalansa biyu ma ba su tsaya masa ba. Gaskiya ne Marks & Spencer sun kashe kusan fam miliyan 150, suka buɗe sabon shafi a Fabrairun 2014, cinikinsu na intanet ya ragu da kashi 8.1 cikin 100 a zangon da ya biyo baya. Abin da bai faɗa ba shi ne, a da shafin nasu a kan tsarin Amazon yake zaune, suka ga ya kamata su mallaki nasu, kuma da suka tashi sai suka tilasta wa miliyoyin tsofaffin kwastomomi sake rajista kamar baƙi. Darasin a bayyane yake: kada ka mayar da wanda ya saba da kai baƙo. Kamfanin bai koma tsohon shafin ba, gyara sabon ya yi. Nairaland kuwa, tun da Seun Osewa ya kafa shi a 2005 aikinsa ɗaya ne, mutane su rubuta wasu su karanta. Ba ya ɗaure kaya, ba ya kai su tasha, ba ya lissafin abin da ya rage a sito. Aikinsa bai sauya ba, don haka fuskarsa ba ta buƙaci sauyi ba. Wannan ai maganata ce Malam ya kafa wa hujja: in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, in bai sauya ba a ci gaba da takawa.

Saura batun jari. Ƙarin dila a sito ana ganinta da ido, shi ya sa take da daɗin lissafi. Kwastoman da ya buɗe shafi ya ga ruɗani ya fice ba ya sallama, ba ya shiga littafin kowa. Haka awannin da yaran shago ke ƙararwa suna amsa "nawa ne?" da "akwai wannan kalar?" da "kuna kaiwa Jos?", tambayoyin da shafi mai tsari zai amsa tun kafin a kira. Kayan da ba a san kana da su ba, jari ne a kwance. Kuma ba wanda ya ce sai an rushe komai rana ɗaya. Ana iya farawa da abin da ya fi ciwo, a gyara buɗuwa a waya da farashi, bayan an numfasa a ƙara hanyar biya, sannan sashen masu sari, sannan bayani da Hausa ko Faransanci da farashin sefa ga 'yan'uwanmu na Nijar in ciniki ya kai can.

Matsayina ke nan, ba tare da kwana-kwana ba. Ba kalanda ce ke sa a sake shafi ba, ba kuma gajiya da launi ko ganin na maƙwabci ba. Wanda kayansa da kwastomominsa da hanyar cinikinsa suke nan yadda suke, shafinsa kuma yana buɗuwa a waya da makullinsa, ya riƙe kuɗinsa, Malam ya yi gaskiya a kansa. Amma duk wanda kayansa suka yi wa shafin yawa, ko ya shiga sari, ko ya sauya suna ko mazauni, ko ya fara aikawa nesa, ko ba ya iya gyara farashi da kansa, to sake fasali ya zama wajibin kasuwanci a kansa. In zai yi, ya fara da tambayar kwastomomi abin da ke ba su wahala. Ya ajiye kwafin tsohon shafin. Ya bar suna da tambari da lambar da aka san shi da su yadda suke. Ya tabbatar an karkatar da tsofaffin adiresoshin ciki zuwa sababbi da umarnin da masana ke kira 301, don kada matsayin da ya tara a Google ya zube. Kada kuma ya buɗe sabon shafi ana jajibirin Sallah, lokacin da oda ta fi yawa kuma kuskure ya fi tsada.

Ga Malam, ina roƙon ya sake duba maƙalarsa, ya raba gargaɗin macuta, wanda muke tare da shi a kai, da haramta gyara, wanda ba shi da hujja. Ga ɗan kasuwa kuma, kada ka ɗauki maganata ko tasa. Ari wayar yaron shagonka, ka buɗe shafinka da datarka, ka gwada sayen kaya ɗaya kamar baƙon da bai taɓa jin sunanka ba. In ka saya cikin sauƙi kuma duk abin da ka karanta gaskiya ne, bar shi yadda yake. In ka kasa, ka gyara tun kafin kwastomominka su koma wajen wanda ya gyara nasa.